Ɗigon Zoɓo a Ruwan Toka

A gidan wata tsohuwa, Neze Naka, can gindin dutsen Kumeya, akwai wata 'yar gora da ke rataye sama da murhu, hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin. Ba mai taɓa ta sai tsohuwar. A ciki ake ajiye iri, wato farar lakar nan da ke kwanciya a gindin tulu idan cukutu, giyar dawa, ya nuna, a kwashe a shanya ta zama gari, a tayar da giyar gaba da ita. Kowace mai dafa giyar dawa tana da nata, amma na Neze ya girmi duk wani mai rai a unguwar. Daga hannun uwarta ta karɓe shi, uwar ma daga hannun tata uwar. Kowace dahuwa tana haifar ta gaba, bai taɓa yankewa ba, ko shekarar da fari ya cinye dawa.

Cilalo, jikarta, ita ce hannun tsohuwar yanzu. Ita ke jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta tsira, ta kai niƙa, ta tsaya kan wuta. Ba ta da yawan magana. In aka tambaye ta abu, sai ta dubi yatsun ƙafarta tukuna kafin ta amsa. Neze ba ta kiran sunanta, "uwata" take ce mata, don tun ranar da aka haife ta ta dubi goshinta ta ce uwarta ce ta dawo.

Wahala ta fara ne da babban tulun gidan ya tsage. Sabon tulu sai ya sha dahuwa da yawa kafin ya daina ɗanɗanon ƙasa, don haka aka sayo shuɗin durom na roba a kasuwar Ketawo. Da farko lafiya lau. Daga baya sai giya ta fara fitowa da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ga wani wari kamar tsumman da ya kwana a jiƙe. Giyar da ta lalace ba a kwasar iri daga gindinta. Kowace dahuwa sai ta ci daga cikin gorar, ba ta mayar da komai. Cilalo ta wanke durom da sabulu, ta wanke da ruwan zafi, ta goge da toka, ta shanya a rana har robar ta yi laushi. Yauƙin bai tafi ba.

Ga kuma rawar makokin kakanta ta matso. Tun damina ya rasu, yanzu da aka gama girbi za a yi masa rawar sallama kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Giyar da za a zuba masa a ƙasa dole ta fito daga irin gidansa.

"A sayo iri a kasuwa mana," in ji Inna Mazalo, matar kawun Cilalo, tana ɓarar gyaɗa a bakin zaure. "Tsoho yana ƙarƙashin ƙasa, harshensa ma ya zama ƙasa. Ina zai gane?"

Neze ta ce, "Mutumin da in na canja itacen girki yake ganewa? Ke dai ba ki zauna da shi ba."

"Na zauna da ɗansa, ya ishe ni."

Yayan Cilalo, Esowe, yana Lome, yana aiki a wani wuri da ake ɗura ruwan 'ya'yan itace a kwalba. Da ya ji labari sai ya aiko da wata 'yar kwalbar maganin tsabtace mazubi ta hannun direban motar doya, ruwan cikinta mai kauri kamar zuma. Ya yi mata bayani a waya. A wanke durom da sabulu tukuna. A zuba cikin murfi ɗaya a bokitin ruwa mai tsabta, a girgiza ya taɓa ko'ina, a zubar. Kada a ɗauraye. Ya maimaita wannan har ta ce ta ji.

Ruwa mai tsabta kuwa, a gidan nan kowa ya san inda yake. Da rani rijiyarsu takan ja baya, guga ya riƙa fitowa da jan ruwa mai laka. Sai a cika babbar randa da yamma, a watsa toka cikin tafin hannu, a rufe. Kafin gari ya waye lakar ta kwanta, ruwa ya yi garau, kana ganin gindin randa. Da shi ake wa baƙo maraba, da shi ake wanke duk abin da ake girmamawa. Cilalo ba ta ko yi tunani ba, can ta nufa.

A safiyar nan ta riga ta dafa zoɓo, don cikin masu zuwa makoki akwai 'yan coci da ba sa shan giya, tana gwada yawan da zai ishe su. Ludayin zoɓon na hannunta, ta ɗebo ruwan randa a ƙwarya ta tsoma shi don ta wanke. Jan da ke jikin ludayin ya bazu cikin ruwan, nan take ya juye ya zama wani kore mai duhu kamar ruwan kududdufi. Ta ɗan tsaya tana kallo. Inna Mazalo ta kira ta, Cilalo ta watsar da ruwan ta manta.

Da ta zuba maganin a bokiti, ruwan ya yi fari fat kamar an zuba madara.

"To ga magani," in ji Inna Mazalo, ta leƙo. "Haka wanda ake sa wa ruwan wankan jarirai yake yi. In bai yi fari ba, na jabu ne. Esowe bai ci kuɗin banza a Lome ba."

Cilalo ta ji daɗi. Ta girgiza durom, ta zubar, ba ta ɗauraye ba. Neze tana ɗaki tana hutawa lokacin. Da yamma tsohuwar ta sauko da gora, ta raba abin da ya rage biyu, ta zuba rabi a giyar gwajin da aka tace cikin durom.

Da safe Neze ta tsoma sanda a durom ta ɗaga. Giyar ta biyo sandar, doguwa kamar zare, ta ƙi yankewa. Aka juye wa aladu.

"Yaya kika yi da maganin?" in ji Neze.

Cilalo ta faɗa mata, tana duban ƙasa.

"Ba ki ɗauraye ba?"

"Yaya Esowe ya ce kada..."

"Wa ya taɓa wanke abu ya bar shi da kumfa? Ko kwanon kare ana ɗaurayewa. Uwata, kin dawo duniya kin manta aiki."

Ba ta yi faɗa ba, hakan ya fi yi wa Cilalo ciwo. Tsohuwar ta girgiza gorar kusa da kunnenta. Ƙarar da ta fito ba ta fi ta 'yan tsakuwa a cikin gwangwani ba. Abin da ya rage na dahuwa ɗaya ne. In ya tafi, shi ke nan. Kuma ba halin jira, don tsiron giyar makoki an riga an niƙa, an dama, yana can yana kwanan tsami. Gobe za a tafasa shi, da yamma in ya huce dole a zuba iri.

Da rana Cilalo ta ari wayar kawunta ta kira Lome.

"Kin auna daidai?" in ji Esowe. Ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Murfi ɗaya."

"Kin ɗauraye, ko? Faɗi gaskiya. Na san gidanmu, har gishiri sai mun so mu wanke."

"Ban ɗauraye ba, Yaya. Ya yi kyau ma, ya yi fari kamar madara."

Ta ji Esowe ya fita daga inda injin yake.

"Fari? Ai bai kamata ya yi fari ba. A nan garau yake zama, kumfa kawai. Laifina ne, ban tambaye ki ruwan ba. Kin ga, maganin nan tsami ne da shi, tsamin ne ƙarfinsa. Akwai ruwan da ke shanye tsamin. In ya shanye, to ruwa kawai kika girgiza a durom."

"Wane ruwa ne ba ya shanyewa?"

"Da ido ba a ganewa. Mu wata 'yar takarda muke tsomawa, ta canja launi. Zan aiko miki, amma sai motar mako mai zuwa."

"Gobe za a zuba iri."

"Kai." Ya ja numfashi. "Ruwan leda fa? A'a, shi ma ban sani ba, wani daga rijiyar burtsatse ake ɗura shi. Kada ki ɗanɗana maganin dai. Saura nawa?"

Ta ɗaga kwalbar a rana. Bai fi murfi ɗaya da ɗan ƙari ba.

Ta koma gida ta tarar da Inna Mazalo tana miyar yakuwa. Matar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta miƙa hannu ta ɗauko 'yar kwalbar ruwan toka ta tsiyaya a tukunya. Ta juya, ta sake ɗanɗanawa, ta gyaɗa kai.

Cilalo ta tsaya cak da wayar a hannu. Tun tana goye take ganin ana yin haka. Miya ta yi tsami, a sa ruwan toka, tsami ya mutu. Ta juya ta dubi babbar randa a inuwar bango, da murfinta, da ƙwaryar da ke kife a kai. Ruwan da ya fi kowane kyau a gidan. Ita da hannunta ta watsa masa toka.

"Bebiya, me kike kallo?" in ji Inna Mazalo. "Ko randar ta yi miki magana? Ke da ita ai kun dace."

Wani abu na biyu ya faɗo wa Cilalo: ludayin jiya, da jan da ya koma kore. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sauran zoɓon, wanda ba a sa wa komai ba tukuna. Ta ɗebi ruwan randa a kofin gilashi, ta ɗiga zoɓo kaɗan. Kore mai duhu. Ta tsinko lemon tsami a bayan gida ta matse a ciki. Koren ya motsa, ya yi kamar hayaƙi, daga ƙasa ja ya taso ya cinye shi har kofin ya koma ja. Ta ƙara ruwan tokar miya. Jan ya mutu.

Ta zauna a kan turmi. Ta sake yi, ya sake yi. Abin yana tafiya yana dawowa kamar ana kiransa da suna.

Washegari tun da sassafe ta hura wutar tafasa giya ta bar wa Inna Mazalo, ta fita da kwalabe a cikin kwando. Ta ɗebo ruwan famfon makaranta. Ta sayi na leda a shagon bakin hanya. Ta gangara rafi, ta tarar ya kafe sai 'yan kududdufai da shanu suka tattake, ta wuce. Sai ta tuna da idon ruwan da ke saman dutse, wanda ba mai zuwa yanzu sai masu kiwon awaki. Ta hau ta tsakanin gonakin da aka yi wa katangar duwatsu, karan dawa yana karce mata ƙafa. Ruwan yana fitowa ne daga tsagar wani baƙin dutse, siriri kamar igiya, ya taru a wani ɗan kwarmi. Har da 'yan ganyaye a kansa. In da kyan gani ake bi, bai kama ƙafar na randa ba.

Hantsi ya yi sosai da ta dawo. Ta jera kofunan gilashi waɗanda ake ajiye wa baƙi a kan gajeriyar katangar tsakar gida. Neze tana zaune a inuwa da gorarta a cinya, tun safe ba ta rabu da ita ba.

"Shago za ki buɗe?" in ji Inna Mazalo.

"Neze," in ji Cilalo, muryarta ƙasa ƙasa, "ki zo ki ga wani abu."

Ba ta saba kiran kowa ya zo ya ga komai ba, shi ya sa tsohuwar ta tashi.

Ta zuba kowane ruwa a kofinsa daidai wa daida. Ta tsoma tsinken tsintsiya a kwalbar magani, ta ɗiga wa kowanne ɗigo guda. Na randa ya yi fari nan da nan. Na famfo ya ɗan yi hazo. Na leda ma haka, sai dai kaɗan. Na dutse bai canja ba.

"Ga shi nan," in ji Inna Mazalo. "Na gidanmu ne kawai ya karɓi magani. Na dutsen nan ko gaisawa ba su yi ba."

Cilalo ta ɗauko zoɓo. Ta ce, "Yaya ya ce tsami ne ƙarfin maganin. Zoɓo in ya ga tsami ja yake yi." Iyakar bayanin da ta iya ke nan. Ta ɗiga a na randa.

Jan ya faɗa cikin farin ruwan, ya yi 'yar gajeriyar tafiya, ya mutu. Kofin ya koma kalar ruwan wankin tukunya, toka-toka da kore a ciki. Ta ɗiga a na famfo, ya tsaya wani ja mai gajiya, kamar zanen da ya sha wanki. Na leda ya ɗan fi shi. Ta zo kan na dutse.

Ɗigon ya sauka a hankali yana buɗewa kamar fure. Bai dusashe ba, ƙaruwa ma ya yi. Kofin gaba ɗaya ya kama, ja wur, garau, kamar an narkar da garwashi an zuba. Rana ta bi ta cikinsa ta zubar da wani jan haske a kan katanga, yana rawa kaɗan kaɗan.

Ba a jin komai sai tafasar giya a kan wuta.

Neze ta matso. Ta sa tafin hannunta a inda hasken ya faɗa, jan ya kwanta a kan tsofaffin layukan hannun. Ta juya hannun, ta sake juyawa. Ta dubi kofunan ɗaya bayan ɗaya. Ɗazu duk ruwa ne, ba mai iya raba su. Yanzu kowanne ya fito da abin da ke cikinsa.

"Duk zoɓo ɗaya ne?" ta tambaya.

"Ɗaya ne, Neze."

"Magani ɗaya?"

"Ɗaya."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon na randa. "Tun ina amarya nake shan ruwan nan," ta ce a hankali. "Na zaci na san shi."

Maƙwabta biyu da suka shigo aron rariya sun tsaya a bayansu, sun manta da abin da ya kawo su. Ɗaya ta ce a sake, ba ta gani da kyau ba. Cilalo ta ce maganin ba shi da yawa. Ta nuna musu da lemon tsami da ruwan tokar miya, ja ya tafi, ja ya dawo. Matar ta rufe baki da gefen zane.

"Wannan na ina ne?" Neze ta nuna jan kofin.

"Idon ruwan saman dutse."

"Can muke ɗiba ina yarinya. Da shi uwata take wanke tuluna."

"Ashe tsofaffi sun sani," in ji Inna Mazalo, wannan karon ba da wasa ba.

"Sun san me? Rijiya ce babu. Kullum muna hawa muna zagin dutsen nan da wanda ya dasa shi."

Aka yi dariya, amma idon kowa yana kan kofin.

Cilalo ta koma dutse da jarkar da toka ba ta taɓa shiga ba. Inna Mazalo ta bi ta da tata jarkar, tana mita tun daga gindin dutse har sama, wai gwiwoyinta ba na akuya ba ne. Sun daɗe a can, don idon ruwan ba ya sauri. Da suka sauko Cilalo ta wanke durom da sabulu, ta ɗauraye da ruwan dutse sosai don kada wata toka ta maƙale. Sannan ta cika bokiti, ta juye sauran maganin daidai murfi. Ruwan ya zauna garau, kumfa fara ta taso a kai. Ta ɗebi kaɗan a kofi ta ɗiga zoɓo. Ja wur. Ta ajiye kofin a kan katanga.

Ta zuba a durom, ta rufe, ita da Inna Mazalo suka yi ta mirgina shi a tsakar gida. Ta wanke murfin da ludayi da rariya a cikin sauran. Da aka zubar, kumfa ta rage a jikin durom, fara, tana tsiyaya a hankali zuwa gindi.

Rana ta yi sanyi, giya ta huce a manyan tukwane. Cilalo ta juya don ta ɗauko rariya. Da ta waiwayo, Neze tana tsaye a bakin durom da ƙwarya cike da ruwan randa, ta karkata ta za ta zuba.

Ba ta san lokacin da ta tsallake tsakar gidan ba. Hannunta ne kawai ta gani ya riƙe wuyan hannun kakarta. Ruwan ya yi tangal-tangal a bakin ƙwarya, ɗigo biyu suka faɗa ƙasa a waje.

Inna Mazalo ta ajiye muciya. A gidan nan ko kawu da furfurarsa bai taɓa riƙe hannun Neze ba.

Tsohuwar ta dubi hannun, ta dubi fuskar jikarta. "Ɗan kaɗan zan zuba," ta ce. "Ba zan sa irin uwata a kan kumfa ba."

Cilalo ta saki hannun a hankali, ta ɗauko jan kofin daga kan katanga, ta riƙe shi a ƙarƙashin ƙwaryar.

"Zuba a nan tukuna, Neze."

Tsohuwar ta tsiyaya. Jan ya ɗan yi gardama, ya koɗe, ya yi hazo. Ta ƙara. A gaban idonta ya mutu, ya koma kalar ruwan wanki.

Neze ta tsaya da ƙwarya a hannu. Can ta juya ta watsa ruwan a gindin gwanda.

"In kumfar ta kashe mini iri fa?"

"Yaya ya ce ba ta kashewa. In giya ta shiga, ƙarfinta narkewa yake yi." Cilalo ta dubi kumfar. "Ni ban taɓa gani ba, Neze. Ban sani ba."

"To, gara da kika ce ba ki sani ba." Tsohuwar ta gyara ɗaurin zanenta. "Uwata ma haka take riƙe mini hannu, da ƙarfi kamar mai kama ɓarawo. Ku tace."

Suka tace giya a cikin durom, a kan kumfar. Neze ta cire toshiyar gora, ta kife ta, ta bubbuga gindinta da yatsa har ƙurar ƙarshe ta sauka. Garin ya ɗan yi iyo a sama, ya jiƙe, ya nutse. Ta rufe durom da kanta. Gorar da ta mayar sama da murhu ba komai a cikinta, karo na farko tun kafin a haifi kowa a gidan.

Da gari ya fara wayewa Cilalo ta fito da tsintsiya. Ba ta kai ga shara ba ta ji wani sauti daga rumfar giya, siriri, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ta ajiye tsintsiyar. Ta tarar da Neze ta riga ta, tana durƙushe ta manna kunne a jikin shuɗiyar robar, idonta a rufe. Tsohuwar ta yafito ta. Cilalo ta durƙusa ta ɗaya gefen ta sa nata kunnen. A ciki kamar kasuwa ce mai nisa, dubban ƙananan muryoyi suna magana a lokaci guda. Daga ɗan garin da bai cika tafin hannu ba.

Suka ɗaga murfi. Kumfa ta yi tozo, ƙamshi ya bugi fuskarsu, mai ɗan tsami mai ɗan zaƙi. Neze ta tsoma sanda ta ɗaga. Giyar ta sauka ɗigo ɗigo, kowanne ya yanke da kansa. Ta sake tsomawa, don ta tabbata.

Ta ɗebo a 'yar ƙwarya, ta fita bakin ƙofa ta zuba kaɗan a ƙasa, ta kira sunan mijinta, ta kira na uwarta. Sannan ta kurɓa, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye. Ta miƙa wa Cilalo.

Inna Mazalo ta fito tana ɗaura ɗankwali. "Ya tashi?"

"Je ki gaya wa mijinki ya sanar da masu ganga," in ji Neze.

Bayan an yi rawa an watse, Cilalo ta karkata durom ta kwashe farar lakar da ta kwanta a gindi, mai kauri, mai yawa. Ta shimfiɗa ta a kan faifai a rana, ta kife da rariya saboda kaji. Neze ta jawo kujerarta kusa, wai tana gadi. A kan katanga ta sa an jera mata kofunan gilashi. Ta aika an ɗebo mata ruwan rijiyar maƙwabta, da na gidan ƙanwarta a ƙetaren hanya, har da raɓar da ta taru a ganyen gwaza. Maganin ya ƙare, amma zoɓo kaɗai ma yana nuna wani abu, kowane ruwa da irin launin da yake bayarwa. Tana ɗigawa da tsinke, tana ɗaga kofi a rana, tana kallo.

"Uwata," ta kira, ba ta juyo ba. "In damina ta zo, ki tara mini na sama. Ina so in ga shi kuma me yake ɓoyewa."

Da iri ya bushe, Cilalo ta murje shi ya zama gari. Neze ta riƙe gorar, ita kuma tana ɗurawa da ganye a naɗe, har ya kai wuya.